Ministan da Aka Ɗauko daga Tasha

Ranar da aka karanta sunayen sababbin ministoci a rediyo, Rasmane Tapsoba yana zaune a rumfar mai wake da shinkafa a tashar manyan motoci ta Wagadugu, ya tanƙwashe ƙafa a kan tsohuwar taya yana cin abinci da hannu. Ya san za a ambaci sunansa, domin sabon Firaminista ya riga ya kira shi har gida ya roƙe shi, amma bai faɗa wa kowa ba. Da mai karanta labarai ya ce, "Ministan Ƙwadago, Rasmane Tapsoba," sai rumfar ta yi tsit, har mai abincin ta tsaya da ludayi a hannu.

Dirisa Pare ne ya fara buɗe baki. Shi ɗan Samo ne, Rasmane kuwa Bamoshe, ƙabilu biyu da ke abokan wasan juna, saboda haka tun ranar da suka haɗu suna yaran mota a hanyar Lome ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Innalillahi, ƙasa ta lalace!" in ji Dirisa, ya ɗora hannu a ka. "An ba bawana minista. Kai Bamoshe, wa ya ba ka izini? Bawa ya karɓi sarauta bai tambayi ubangidansa ba?"

"Rufe mana baki, mai cin kare," in ji Rasmane. "Dokar farko da zan yi, duk ɗan Samo sai ya cire takalmi in zai wuce ƙofar gidana."

Aka fashe da dariya, aka yi ta buga masa kafaɗa. Rasmane ya daɗe a tashar nan. Ya yi yaron mota, ya yi direba, da yanar ido ta fara kama shi ya ajiye tuƙi aka zaɓe shi sakataren ƙungiyar direbobi. Tun da matarsa Alizeta ta rasu, 'yarsa ɗaya Mamunata kuma tana aure a Abijan, gidansa na unguwar Tangin ya zama wurin kwana kawai. A tasha yake ci, a nan yake salla, a nan yake rigima.

Ba kowa ne ya yi dariya ba. Mataimakinsa, Sibiri Kiyemde, ya jira hayaniya ta lafa sannan ya matso.

"Sakatare, abu ɗaya muke so ka rantse mana a kai. Kada a sake shigowa tashar nan da bindiga a ce wa direba tashi mu tafi arewa."

Haka tsohuwar gwamnati ta riƙa yi. Sojoji su shigo da safe, su nuna mota da ɗan yatsa, direba ya tafi ko sallama da iyalinsa bai yi ba. Wasu sun dawo, wasu sai labari.

"Na rantse da Allah," in ji Rasmane. "Don wannan na karɓa."

Aka ba shi ofis mai sanyi, da mota baƙa, da direba, da jandarma mai gadinsa da ke zama a gaba. In ana tafiya yana bayan mota, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi. Ma'aikatan ofishin suna da ladabi, suna magana da Faransanci mai santsi irin na waɗanda suka yi karatu a waje, shi kuwa nasa na bakin iyaka ne, na rigima da 'yan kwastan. In ya faɗi abin dariya sai su jira su ga ko ya gama, sannan su yi murmushi gaba ɗaya. Da rana a kawo masa abinci a faranti da cokali da wuƙa, a ja masa ƙofa. Kullum yana cewa gobe zai leƙa tasha, kullum taro yana cinye goben.

Gwamnatin ta ci zaɓe da alkawari biyu. Ta ce za ta kawo ƙarshen yaƙin arewa, ta kuma ce za ta mayar wa ma'aikata 'yancinsu da aka ƙwace da sunan yaƙin. A filin kamfen alkawuran sun zauna lafiya da juna. A teburin majalisar ministoci kuwa, ba a daɗe ba suka fara cin ƙwalar juna, kuma Tingurma, wani gari a arewa, shi ne ya haɗa su faɗa.

'Yan bindigar da ake kira mutanen daji sun tare hanyar Tingurma tun kafin zaɓe. Ba mai shiga, ba mai fita. Labarin da ke zuwa shi ne an cinye awaki, an cinye irin shuka, an koma dafa ganye. Ministan Tsaro, Kanal Bonkungu, tsohon soja ne mai ritaya, dogo, mai furfura, wanda ɗansa ya mutu a wannan hanyar. Ya zo da shawarar doka: a hana yajin aiki har yaƙi ya ƙare, kuma soja su sami ikon ɗaukar kowace mota da direbanta.

Rasmane ya juya wajen Kanal.

"Kanal, sojanka da ƙafarsa ya shiga soja. An ba shi bindiga, an koya masa yadda zai kwanta in an buɗe wuta. Direba me aka ba shi? Sitiyari. Yana zaune a sama kamar tulu a kan katanga, ko makaho ya harba sai ya same shi."

"Na ji, Minista," in ji Kanal, bai ɗaga murya ba. "Direba yana da 'yancin cewa a'a. To matar da ke Tingurma, wadda nononta ya ƙafe, ita wane 'yanci gare ta? Wa za ta yi wa yajin aiki?"

Rasmane ya duba kewayen teburin ko wani zai tallafa masa. Kowa ya sunkuyar da kai a kan takardunsa.

Firaminista lauya ne mai sanyin magana, wanda ba ya son a tashi taro da ɓacin rai. Ya ce, "Malam Tapsoba, mutanenka ne. In ka kawo mini direbobi da ƙafarsu kafin wata ya ƙare, zan ajiye dokar Kanal. In ba ka kawo ba, zan sa hannu, kai ma za ka sa."

Washegari Rasmane ya sa aka ajiye motar a bakin titi, ya ce wa jandarman ya jira shi, ya shiga tasha da ƙafa. Labari ya riga shi isa, kuma ya isa a karkace: an ce Minista ya yarda da dokar, ya zo ne kawai ya shafa musu mai a baki. Ya nufi tayar da ya saba zama a kai, sai wani ya yi sauri ya kawo kujerar roba, ya goge ta da hankici. Dirisa yana jingine da motarsa. Ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Da mari ya kwaɗa masa da ya fi sauƙi. Rasmane ya zauna a kujerar, shi kaɗai a sama, sauran suna tsaye ko suna tsugune.

Ya faɗa musu gaskiya yadda take. Ya ce in suka tafi da kansu, 'yancin yajin aiki zai tsaya, kuma zai sa a rubuta a doka cewa ba a tilasta wa direba shiga hanyar yaƙi, wanda ya mutu a hanya kuma gwamnati za ta riƙe iyalinsa kamar iyalin soja. In suka ƙi, za a zo da bindiga kamar da.

"Wato ko mu tafi da kanmu, ko a tafi da mu," in ji Sibiri, wanda yanzu shi ke riƙe da ƙungiyar. "Sakatare, ina bambancin?"

"Bambancin na gobe ne. Na 'ya'yanku ne."

"To ka ja gaba mana!" wani ya yi ihu daga baya. "Ai kai ma direba ne!"

"Kun san idona," in ji Rasmane. "Da yana gani, wallahi da ban tsaya roƙon kowa ba."

Wani ya yi tsaki. Can sai Dirisa ya tofar da asuwakin da ke bakinsa.

"Motata za ta je."

Dirisa shi ne babba a tashar, ba wanda bai taɓa cin abincinsa ko kwana a ƙarƙashin motarsa ba. Da ya faɗi haka, sai wani ya ce shi ma, wani ya bi, har aka sami abin da ake nema. Ba wanda ya kalli Rasmane lokacin da yake faɗa.

Da taro ya watse ya bi Dirisa bayan mota, ya kama hannun rigarsa.

"Kai mahaukaci ne? Da ciwon sugan naka? Ba kai nake nufi ba, akwai matasa."

"Matasan ba su da uwaye ne?" Dirisa ya zare hannunsa a hankali. "Ranka ya daɗe, direbobi ka zo nema, ka samu. Allah ya huta gajiya."

Ayarin ya tashi da safe, motoci cike da shinkafa da gero da mai da gishiri, sojoji gaba da baya. Rasmane ya tsaya a bakin gari kusa da Kanal Bonkungu, yana ɗaga wa kowace mota hannu. Idonsa bai iya rarrabe fuskoki a bayan gilashi, don haka bai san lokacin da Dirisa ya wuce ba.

Sun isa Tingurma. An buɗe musu wuta a wata gada, motoci sun ƙone, an rasa direbobi da sojoji, amma yawancin kayan sun shiga gari. Rediyo ta yi ta kiɗa, ministoci suka riƙa miƙa wa Rasmane hannu. Ba a gama murna ba labari ya zo cewa mutanen daji sun fasa gadar bayan ayarin ya wuce. Damina kuma ta sauka, rafi ya cika. Direbobin da suka kai abinci suka zama cikin masu jiran abinci. Waya ba ta shiga, domin an daɗe da kayar da turakun sadarwa na yankin.

Matan direbobin suka fara zuwa ƙofar ma'aikata. Ba su zo da kwalaye ko waƙa ba. Su shimfiɗa zane a ƙarƙashin darbejiya su zauna, in an tashi aiki su naɗe su tafi. Asetu, matar Dirisa, tana cikinsu. Ita ce ta riƙa aika wa Rasmane tuwo da miyar kuka bayan rasuwar Alizeta, har ya saba da hannunta. Kullum in motarsa ta tsaya a ƙofa sai ta ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa ta ce, "Baban Mamunata, ka kwana lafiya?" Daga nan ba ta ƙara komai.

Wata rana ya kasa wucewa. Ya sauka, ya je ya zauna a ƙasa a gefen zanenta. Matan suka matsa, suka bar masa fili mai faɗi.

"Asetu, ban san abin da zan ce miki ba."

"To kada ka ce komai. Tashi, kada ka ɓata rigar gwamnati." Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. "Zama mu muka iya shi. Kai ba don ka zauna aka kai ka can ba. Dirisa maganin wata ɗaya ya tafi da shi, ka sani ko?"

Ya sani. Ya tashi ya karkaɗe riga ya shiga.

Daga ranar ya zama mai magana ɗaya a majalisar ministoci, har aka gaji da shi. Soja sun ce ba za su iya gyara gadar ba sai ruwa ya janye, jirgin sama kuma ba ya ɗaukar mutane da yawa, sannan ana harbinsa. Rasmane ya ce a bar dattawan Tingurma su yi magana da mutanen daji, ai yaran garin ne da na ƙauyukan kewaye, an san iyayensu. Kanal Bonkungu ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

"In zauna da waɗanda suka kashe ɗana?"

"Ban ce ka zauna ba, Kanal. Na ce ka bar wasu su zauna."

"Yau hanya za su ba ka, gobe gari za su nema. Kai ciniki ka sani, Minista. Wannan yaƙi ne."

Maganar ta fita waje. Wata jarida ta kira shi ministan 'yan ta'adda. Waɗanda suka miƙa masa hannu kwanan baya suka koma gaishe shi da ka daga nesa. A wannan makon kuma Sibiri ya kira yajin aiki, ya ce ba motar da za ta motsa a ƙasar sai an dawo da 'yan'uwansu. Mai ya yanke a gidajen mai, tumatir ya ruɓe a garin Bobo. A tasha aka cire hoton Rasmane daga bangon ofishin ƙungiya.

"Ga 'yancin da ka tsaya wa," in ji Kanal a taro. "Da kai suka fara."

Rasmane ya je gidan rediyo ya ce yajin aikin halal ne, kuma muddin yana kan kujerar ba direban da za a kama. 'Yan gwamnati suka ce ya ci amanar gwamnati. Direbobi suka ce yana neman wanke kansa ne. Ya koma Tangin da la'asar, ya sallami direba da jandarma, ya zauna a tsakar gida. Kajin Alizeta sun daɗe da ƙarewa, akurkin ya cika da ganye. Mamunata ta kira shi daga Abijan tana kuka, ta ce ya ajiye aikin ya taho wurinta. Ya ce mata to, sai an kwana biyu. Ya so ya faɗa wa wani yadda abin yake ci masa rai, ya yi ta juya wayar a hannu, ya ga duk wanda zai iya faɗa wa yana Tingurma.

Yajin aikin ne ya karya Firaminista. Ya kira Rasmane shi kaɗai, ya tsaya yana kallon taga ya ce, "In wasu dattawa suka ga dama suka yi hira da wasu mutane, gwamnati ba ta sani ba. Ni ban ji ba, kai ma ba ka faɗa mini ba. In ta ɓaci, kai kaɗai ne."

"Na saba," in ji Rasmane.

Abin ya ɗauki lokaci. Dattawan suka yi ta kai da komo a kan jakuna, har ruwa ya fara janyewa. A ƙarshe aka bar motocin suka fito ta wata tsohuwar hanyar shanu, ba soja ko ɗaya tare da su, cike da mata da yara da tsofaffi masu barin garin. Gwamnati ta ce nasarar soja ce. Ƙungiya ta ce nasarar yajin aiki ce. Rasmane bai yi gardama da kowa ba.

A asibiti ya sami Dirisa. Wani ne ya tuƙo motarsa, shi yana kwance a baya cikin 'yan gudun hijira. Ƙaya ce ta soke shi a Tingurma, ga suga ba magani, ciwon ya ci ƙafar. Likitoci sun yanke ta daga gwiwa, ƙafar hagu, ta taka kuloci. Ya rame har Rasmane ya wuce gadonsa, sai da Asetu ta kira shi. Ta ba shi kujera, ta ɗauki buta ta fita.

Rasmane ya jawo kujerar kusa da gadon ya zauna.

"Dirisa, ni na jawo maka."

"Kai ka jawo," in ji Dirisa. Muryarsa ta dushe. "Don kai na tafi, ba zan ɓoye maka ba. Na ga yadda suka sa ka a kujerar nan suna kallonka, na ji kunya ta kama ni. Na tafi ina zaginka a zuci har gada." Ya yi tari, ya gyara kwanciya. "Da muka shiga garin kuwa, sai na manta da kai. Rasmane, bayan an sauke buhuna, yara suka shiga bayan motata suna tsince shinkafar da ta maƙale a tsakanin katako, ƙwaya ƙwaya, suna sawa a baki ɗanya. Wata tsohuwa ta kama tayar motar tana sa mata albarka. Taya fa."

"To ka yafe mini?"

"Ban sani ba. Wani lokaci in ce gara da na je, wani lokaci in kai hannu in sosa ƙafar in ji ba ta nan." Ya juya fuska bango. "Garinmu Toma zan koma. Ƙanena ya ce akwai ɗaki. Mota kuma Sibiri zai nemo mai saye."

"Zan riƙa zuwa."

"Hanyar ba kyau," in ji Dirisa, ya rufe ido.

Dokar ta wuce a majalisar dokoki bayan an rage mata abubuwa da yawa, amma an bar guda biyun da Rasmane ya nace a kai: ba a tilasta wa direba shiga hanyar yaƙi, kuma ana riƙe iyalin wanda ya mutu. Ranar da ya ɗauki labarin ya kai gidan Dirisa, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciya ta ce ai sun tafi tun ranar Talata, ta ɗauka ya sani.

Bai cika shekara biyu a kujerar ba. Da aka yi wa gwamnati garambawul aka sauke shi, aka sauke Kanal Bonkungu a rana ɗaya. Suka haɗu a matakalar fita, kowa da 'yar jakarsa. Kanal ya tsaya, ya miƙa masa hannu, suka gaisa ba magana, kowa ya nemi tasi. Yaƙin bai ƙare ba.

Rasmane bai koma tasha ba, ba a kuma aiko a kira shi ba. Bai tafi Abijan ba. An yi masa aikin ido ɗaya, ɗayan ya ƙi. Yana nan a Tangin, ya sayi kaji ya zuba a akurki. Gidan bai da nisa da hanyar arewa, kuma da hantsi yakan fito da kujera ƙofar gida. In manyan motoci suna wucewa yakan karkata kai ya saurara, daga kukan inji ya gane wadda ta ɗauko kaya da wadda ta dawo wayam. In ayari ne mai tafiya, yakan zauna har ƙarar ta ƙarshe ta ɓace, sannan ya ɗauki kujerarsa ya shiga ya ba kaji ruwa.